Sharuɗɗan Auna Manyan Malamai da Ba Su Lasin Koyarwa



Wannan jawabi ya shafi wani al'amari wanda iyayen yara da yawa ba su cika kula da shi ba, watau yadda hukuma take auna malaman da suke koyarwa a makarantun sakandare da kwalejoji, da yadda take ba su iznin shiga aji. Kowa ya san direba ba ya hawa hanya da mota sai da lasin, likita kuma ba ya taɓa majinyaci sai hukumar likitoci ta rubuta sunansa. Amma in aka zo kan malami sai a ga mutane sun sassauta, suna ɗauka duk wanda ya sami digiri ya isa ya riƙe alli. Dokar ƙasa ba ta ɗauki abin haka ba, kuma tana da dalili. Kuskuren direba nan take a ke ganinsa a bakin hanya. Na malami kuwa ɓoye yake, ba ya fitowa fili sai bayan shekara 6, ranar da sakamakon jarrabawar WAEC ko NECO ya fito, lokacin da yaro ya riga ya ci kuɗin ubansa da ƙuruciyarsa.

Horon malamai ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Kwalejin Katsina, wadda aka yi bikin buɗewa a shekarar 1922, domin horon malamai aka kafa ta, kuma daga cikinta ne Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, suka fito. Dukansu biyu sun koyar a aji kafin su shiga sha'anin mulki. To, amma maganar manyan malamai, irin waɗanda za su iya riƙe ajin sakandare, ta taso ne gab da samun mulkin kai. A shekarar 1959 Gwamnati ta naɗa wani kwamiti a ƙarƙashin Sir Eric Ashby domin ya duba bukatun ƙasa wajen ilmi mai zurfi, ya kuwa miƙa rahotonsa a 1960. Daga shawarwarinsa ne aka kafa Kwalejojin Horon Manyan Malamai da taimakon UNESCO. An buɗe ta Zariya da ta Legas a 1962, ta Owerri kuma a 1963. A waɗannan kwalejoji aka fara ba da takardar shaidar NCE bayan karatun shekara 3, kuma a wancan zamani mai riƙe da ita babban malami ne ƙwarai, ƙananan azuzuwan sakandare da kwalejojin horon malamai a ke tura shi.

Da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta, watau UPE, cikin watan Satumba na 1976, yaran da suka zo sun fi yawan da aka yi tsammani nesa ba kusa ba. Tilas ta sa aka ɗauki malamai barkatai, waɗansu da ɗan horo na gaggawa, waɗansu ma babu. A wannan shekara aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, domin ta riƙa ƙara wa malamai ilmi suna bakin aikinsu. Sa'an nan Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta bayyana cewa nan gaba NCE ce za ta zama mafi ƙanƙantar shaida ga mai son aikin koyarwa. An daɗe kafin a kai ga haka, amma an kai, har aka daina horo domin tsohuwar takardar malanta mai daraja ta biyu, wadda ta raini makarantun firamare shekaru masu yawa. Abin da aka ɗauka ƙololuwa a 1962 shi ne ya zama matakalar farko.

Hukumomi uku ne aikinsu ya haɗu a kan wannan al'amari. Hukumar Kula da Kwalejojin Ilmi, NCCE, wadda aka kafa a 1989, ita take tsara abin da za a koyar a matakin NCE, ta kuma tantance kwalejojin. Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa tana yin irin wannan aiki a kan digirin ilmi. Ta ukun ita ce mai ba da lasin, watau Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya, TRCN, wadda Dokar Soja mai lamba 31 ta 1993 ta kafa, ta kuwa fara aiki a shekarar 2000. Ikonta ya game kowane mataki na ilmi, a makarantun Gwamnati da masu zaman kansu baki ɗaya.

Hukumar ta kasa malamai aji huɗu bisa ga zurfin karatunsu. Ajin A na masu digirin digirgir ne, ajin B na masu digiri na biyu, ajin C na masu digiri na farko, ajin D kuma na masu NCE. Amma akwai sharaɗi guda wanda ya hau kan kowa, kuma a nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe. Dole takardar ta kasance ta fannin ilmin koyarwa, ko kuwa mutum ya haɗa digirinsa da wata shaida ta koyarwa. Alal misali, saurayi ya gama jami'a da digiri mai daraja a fannin kimiyyar sinadarai, yana so ya koyar a sakandare. Wannan digiri kaɗai ba zai sa a rubuta sunansa cikin rajista ba. Sai ya koma ya yi difilomar ilmi ta bayan digiri, wadda a ke kira PGDE, ko makamanciyarta, tukuna. Ko da mutum ya kai matakin digirin digirgir, wannan sharaɗi yana nan a kansa.

Waɗansu su kan ji haushin wannan, su ce ai wanda ya san abu ya isa ya koyar da shi. Sai dai duk wanda ya taɓa zama a aji ya san akwai malamin da ilmi ya cika masa ciki amma ba ya iya fitar da shi. Ya kan juya wa yara baya ya cika allo da rubutu, ya yi tambaya ya amsa da kansa, ƙararrawa ta buga ya fita, ba tare da ya san cewa rabin ajin sun ɓace tun a minti goma na farko ba. Abin da a ke koya a fannin ilmin koyarwa shi ne maganin wannan: yadda hankalin yaro yake girma, yadda a ke rubuta tsarin darasi a fara daga abin da yaro ya sani zuwa abin da bai sani ba, yadda a ke jefa tambaya ta isa har bencin baya, da yadda a ke shirya jarrabawa wadda za ta auna fahimta maimakon hadda. Shi ya sa ba a ba ɗalibin malanta takardarsa sai ya fita gwajin koyarwa a wata makaranta, inda malamansa za su zo su zauna a bayan aji, su duba littafin darasinsa, su saurari muryarsa, su ga yadda yake riƙe yara, sa'an nan su ba shi maki. Wannan awo na cikin aji ya fi kowace jarrabawa ta takarda nuna ko wane ne malami.

Da can, duk wanda ya kawo takardun da suka cancanta a kan rubuta shi kai tsaye. Tun daga shekarar 2017 aka ƙara wani mataki, watau jarrabawar cancantar shiga sana'a, wadda a ke yi a kan kwamfuta, kowane aji da irin tambayoyinsa. Wanda ya ci sai a ba shi takardar rajista da lasin. Ya kamata a rarrabe tsakanin waɗannan biyu. Rajista shaida ce cewa mutum ya shiga cikin 'yan sana'a. Lasin kuwa yana da wa'adi, a kan sabunta shi bayan shekara 3, kuma a na sa ran malami ya ci gaba da halartar kwasa-kwasan ƙara ilmi a tsakani, domin manhaja tana sauyawa, wanda ya tsaya kan abin da ya koya shekara 20 da suka wuce kuwa an bar shi a baya. Majalisar Ilmi ta Ƙasa, inda Ministan Ilmi da kwamishinonin jihohi suke zama tare, ta taɓa tsai da ranar 31 ga Disamba 2019 ta zama iyakar wa'adin da aka ba malaman da ba su da rajista su gyara matsayinsu.

A nan ya kamata a fayyace rabon aiki tsakanin Gwamnatin Tarayya da jihohi, domin a kan sami ruɗani. Tsarin Mulki na 1999 ya ba ɓangarorin biyu hannu cikin sha'anin ilmi. Lasin na Tarayya ne, wanda ya same shi a Sakkwato yana iya aiki da shi a Kalaba. Amma ɗaukar malami aiki a makarantar jiha, da biyansa albashi, da tura sufetocin ilmi su duba aikinsa, da yi masa ƙarin girma, duk suna hannun hukumomin jiha. Saboda haka jiha tana iya ƙara nata awo a kan na Tarayya. Abin da ya faru a Jihar Kaduna a 2017 ya nuna nauyin wannan al'amari. Gwamnatin jihar ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, ta kuma bayyana cewa 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba, watau kashi 75 cikin ɗari, ta sallame su. Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, NUT, ta ƙi amincewa, har ta shiga yajin aiki cikin Janairu 2018. Ko da yake malaman firamare abin ya shafa, darasin ya hau kan kowane mataki. Gyara bayan an riga an ɗauki mutum aiki, ya yi aure ya tara iyali a kan albashin, yana da ɗaci ƙwarai ga kowa. Awo tun a bakin ƙofa ya fi sauƙi, ya kuma fi adalci.

Lasin ba ilmi kaɗai yake dubawa ba, har da hali. Dokar ta tanadi kwamitin bincike da kwamitin ladabtarwa, waɗanda suke sauraron ƙara a kan malamin da a ke zargi da sayar da maki, ko taimaka wa satar jarrabawa, ko lalata da ɗalibai. In laifi ya tabbata, a na iya soke sunansa daga rajista, shi kuma yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa kotu. Haka kuma laifi ne mutum ya riƙa aikin malanta ba tare da rajista ba, kuma dokar ta yanka tarar da ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko duka biyu. Tarar dai tun ta 1993 ce, darajar kuɗi kuwa ta sauya, amma ɗaurin bai rage nauyi ba.

Da yake an ɗora wa malami waɗannan sharuɗɗa, an kuma duba nasa haƙƙi. Dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta ɗaga lokacin ritayar malamai zuwa shekara 65 da haihuwa, ko shekara 40 a bakin aiki, domin kada a yi hasarar ƙwararru da wuri.

Saura kira ga jama'a. Mai digiri da yake koyarwa ba tare da shaidar koyarwa ba, ya nemi shiga PGDE a jami'a ko a cibiyar NTI mafi kusa da shi, domin a na iya yin karatun ba tare da barin aiki ba. Masu makarantu masu zaman kansu su nemi ganin lasin kafin su ɗauki malami, su kuma duba ko wa'adinsa bai ƙare ba. Iyaye kuwa, a taron ƙungiyar iyaye da malamai, suna da iko su tambayi shugaban makaranta malamai nawa ne suke da rajista, musamman masu koyar da lissafi da Turanci da kimiyya a azuzuwan ƙarshe. Mai neman ƙarin bayani sai ya tuntuɓi ofishin Hukumar Rajistar Malamai na jiharsa, ko Ma'aikatar Ilmi ta jiha.