Yaron da Ke Nesa: Ɗaukar Nauyinsa da Zuwa Ganinsa

 

An roƙe mu a wannan taro na jubili mu yi magana a kan wani aiki wanda da yawa cikinmu sun ji labarinsa, waɗansu ma sun ci amfaninsa, amma kaɗan ne suka san mafarinsa. Watau yadda mai bi a wata ƙasa mai nisa ya kan ɗauki nauyin yaro ɗaya na gidan matalauta, yana aika kuɗi kowane wata, yana rubuta masa wasiƙa, wani lokaci har ya hau jirgi ya je ganinsa. Mu Hausawa mun san riƙo tun kaka da kakanni. Amma a riƙonmu yaro ne ke barin gidan ubansa ya koma gidan mai riƙo. A wannan kuwa yaro yana nan wurin uwarsa, mai riƙon ne ke nesa. Ku riƙe wannan bambanci, gama a kansa dukan maganarmu ta ke.

Mafarin Aikin

Yaƙi ne ya haifi wannan aiki. A 1938, sa'ad da Japan ke yaƙar Sin, wani fasto a Amurka mai suna Calvitt Clarke ya kafa asusun taimakon yaran Sin, wanda daga baya aka sani da sunan Christian Children's Fund.

A 1947 wani mai bishara, Bob Pierce, ya je wa'azi a Sin. Wata yarinya ta ji, ta ba da gaskiya, ta koma gida ta faɗa, aka buge ta, aka kore ta. Akwai waɗanda ke zaune a nan yau da ba sai an fassara musu wannan ba. Baturiyar mishan da ke riƙe da makarantar ta kawo yarinyar gabansa, ta tambaye shi abin da zai yi a kanta, tun da maganarsa ce ta jawo. Ya ba ta dala 5 da ta rage masa, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta nan ba, ya kuma yi alkawarin aiko irinta kowane wata. A 1950 ya kafa World Vision.

A wannan shekara yaƙin Koriya ya tashi, bai tsaya ba sai 1953. A 1952 wani mai bishara, Everett Swanson, ya je Koriya ta Kudu domin ya yi wa sojoji wa'azi. Ya ba da labari cewa wata safiya a birnin Seoul ya ga masu shara suna jefa abin da ya zaci tsummoki ne cikin mota. Da ya matso, sai ya ga gawawwakin yara ne waɗanda sanyin dare ya kashe a bakin titi. Gani ya kori ji. Ya koma gida ya soma tara kuɗi, a 1954 kuma ya shirya yadda mutum ɗaya zai riƙe yaro ɗaya. A 1963 aka sa wa aikin suna Compassion, watau tausayi, daga Matta 15:32, inda Ubangiji ya ji tausayin taron da suka kwana uku tare da shi ba abinci, ya ƙi sallamarsu da yunwa.

Ku lura, 'yan'uwa. Pierce da Swanson wa'azi suka je yi. Amma da suka ga yaro a gabansu, suka gane ba su da ikon su yi masa wa'azi su juya baya.

Yadda A Ke Yinsa

Hanya biyu ce. Compassion ba ta aiki sai ta hannun ikkilisiyar garin. Ikkilisiya ce ke zaɓen yaran gidajen da suka fi talauci, ba ta tambayar addinin iyayensu kafin ta rubuta su. Yara su kan zo harabar majami'a bayan makaranta ko ran Asabar, su ci abinci, a duba lafiyarsu, a taimake su da karatu, a koya musu Maganar Allah, a biya musu abin da makaranta ke bukata. Mai riƙo yana biyan wajen dalar Amurka 40 a wata, a kuɗinmu jaka 20 da 'yan kai. Yara fiye da miliyan 2 ne ke cikin wannan shiri. A kusa da mu ya shiga Burkina Faso a 2004, Gana a 2005, Togo a 2008.

World Vision kuwa, wadda ta soma aiki a Nijar tun shekarun 1990, ta kan haɗa kuɗin masu riƙo wuri ɗaya, a haƙa rijiya, a gina aji, a gyara ɗakin shan magani, domin yaron da aka rubuta da wanda ba a rubuta ba duka su sha ruwa ɗaya. Dalilin wannan a fili ya ke. Idan gida mai 'ya'ya bakwai aka ba ɗaya takalmi da jaka, sauran shida suna kallo, an shuka wani abu a gidan wanda ba alheri ba ne. Tun 1982 wata mujalla a Ingila ta yi wannan ƙorafi, ta ƙara da cewa hotuna da fassarar wasiƙu suna cin kuɗi. Ƙorafin yana da kan gado, ya kuma sa ƙungiyoyi da dama suka gyara tafiyarsu.

Ko Yana da Amfani?

Tambaya ce da ta kamata, gama kuɗin nan ba na sarakuna kaɗai ba ne. Akwai na gwauraye, akwai na 'yan makaranta. A 2013 wani malamin tattalin arziki na jami'ar San Francisco, Bruce Wydick, da abokan aikinsa biyu suka buga abin da suka samu bayan sun bi sawun mutum 10,144 a ƙasashe shida: Bolibiya, Gwatamala, Indiya, Kenya, Filifin da Uganda. Sun gwada manya waɗanda Compassion ta riƙe suna yara da waɗanda ba a riƙe ba, har da yayyensu na ciki ɗaya waɗanda shekarunsu suka wuce sa'ad da shirin ya zo garinsu. Suka tarar waɗanda aka riƙe sun fi sauran daɗewa a makaranta da shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Cikin kowane 100, an sami ƙarin 12 zuwa 18 da suka gama sakandare. Sun kuma fi samun aikin albashi.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne dalilin da masu binciken suka hango. Sun ce ba kuɗin kaɗai ba ne. Yaron da ya san akwai wanda ya san sunansa, yana yi masa addu'a, yana tambaya ko ya ci jarrabawa, ya kan soma sa rai ga abin da dā bai taɓa tsammani zai kai ba. Talauci ba ciki kaɗai ya ke ci ba, yana cin zuciya, ya ce wa yaro kai ba kowa ba ne. Wasiƙa guda da ta zo da sunansa a kai tana ƙaryata wannan. Saboda haka mai riƙon da ke biya ba ya rubutu, rabin aikin ya yi.

Ladabin Ziyara

Zumunta a ƙafa ta ke. Yaƙub 1:27 ya lissafta ziyartar marayu da gwauraye cikin wahalarsu a cikin alamun ibada ta gaskiya. Ziyara mai kyau tana tabbatar wa yaro cewa mai wasiƙar nan mutum ne mai jini da tsoka, tana tabbatar wa mai riƙo inda kuɗinsa ke shiga, tana kuma girmama iyaye idan baƙon ya zauna a tabarmarsu ya sha ruwansu.

Amma ziyara tana iya ɓarna, tilas kuwa mu faɗi wannan ko da ba daɗin ji. A watan Oktoba na 2007 aka kama mutanen wata ƙungiyar Faransa mai suna Arche de Zoé a Abece ta ƙasar Cadi, suna shirin sa yara 103 a jirgi zuwa Faransa, wai marayun Darfur ne. Da aka bincika, sai aka ga yawancinsu suna da uwa ko uba da rai. Kada mu ce ai waɗannan ba masu bi ba ne. A watan Janairu na 2010, bayan girgizar ƙasa ta Haiti, aka kama masu bi 10 daga Amurka a bakin iyaka da yara 33 ba takardun izini, yawancin yaran kuwa suna da iyaye. Tausayi ya kai su, amma tausayin da bai tsaya ya yi tambaya ba. Baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Haka kuma gidajen marayu. A 2009 ƙungiyar Save the Children ta ba da rahoto cewa cikin yara biyar da ke irin waɗannan gidaje a duniya, aƙalla huɗu suna da uwa ko uba da rai. Talauci ne ya kai su, ba mutuwa ba. A waɗansu ƙasashe, da masu gidajen suka ga baƙi suna zuwa da kuɗi domin su ga marayu, sai suka shiga ƙauyuka suna nemo yara da alkawarin makaranta. Abin ya kai har ƙasar Ostareliya ta lissafta wannan cikin irin bautar zamani a 2018. Ku duba fa: kuɗin da zai riƙe yaro a ɗakin uwarsa, shi ne ya raba shi da ita.

Domin wannan ne ƙungiyoyi masu kula suka kafa dokoki. Ba a zuwa sai an sanar tun da wuri, an bincika halin mai zuwa. Ba a barin baƙo shi kaɗai da yaro. Ba a musayar lambar waya ko adireshi. Waɗansu baƙi su kan ji haushin wannan, amma shingen domin yaron aka yi shi.

Sa'ad da baƙi suka zo mana, mu ne idonsu. To, ga abin da ya wajaba a kanmu. Kada mu sa wa yaro tsumma domin hoto ya yi kyau. Kada mu kira shi maraya alhali ubansa yana gona. Kada mu bari a ɗauki hotonsa tsirara ko yana kuka, ko a ɗauka ba da yardar iyayensa ba, gama hoton da aka sa a intanet yau, yaron zai girma ya same shi. Ubangiji ya koya mana a Matta sura 6 a yi sadaka a ɓoye, ba da busa ƙaho ba. A fara kai baƙo wurin mai gida ya yi gaisuwa. Idan ya kawo tsaraba, mu ba shi shawara ya kawo abin da dukan gida za su ci, ko ƙwallon da dukan yaran unguwa za su buga. Kada mu bar shi ya yi alkawarin da ba zai cika ba, irin su zan kai ka ƙasarmu. Shi gobe zai tafi, mu ne za mu zauna da yaron yana duban hanya.

Game da kuɗi kuma, ku karanta 2 Korintiyawa sura 8. Sa'ad da Bulus ke tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauke ta shi kaɗai ba, sai tare da wanda ikkilisiyoyi suka zaɓa, domin kada a sami abin zargi. Idan manzo ya yi haka, wane ne fasto ko ma'aji da zai ji an raina shi don an ce ya kawo littafin lissafi?

Abin da Ya Rage Gare Mu

Za mu rufe da ƙasashe biyu. A watan Maris na 2017 Compassion ta rufe aikinta a Indiya, domin gwamnati ta hana kuɗin shiga. Yara wajen 145,000 suka wayi gari ba mai riƙo daga waje. Wanda ya rage musu shi ne iyayensu da ikkilisiyar garinsu. Ruwan da ke zuwa daga nesa ana iya tare shi a hanya.

Ta biyu ita ce Koriya ta Kudu, inda Swanson ya ga abin da ya gani. Bayan shekara 40 ana taimakonta, aikin ya ƙare a can a 1993, gama ƙasar ta tsaya da ƙafarta. A 2003 masu bi na Koriya suka buɗe nasu ofishi, suka soma riƙon yaran waɗansu ƙasashe. Masu karɓa sun zama masu bayarwa.

Kada mu ce sai mun yi arziki irin nasu. Ikkilisiyoyin Makidoniya da Bulus ya yaba a wannan sura, cikin tsananin talauci suka bayar. Ba mu da dala 40, amma muna da tiyar hatsi a kaka. Gida biyar suna iya haɗuwa su riƙe yaro ɗaya a makaranta, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna kuma da abin da mai riƙo na ƙetare ba shi da shi: shi sai ya tara kuɗin jirgi shekara da shekaru kafin ya ga yaron sau ɗaya, mu kuwa ƙafa kaɗai za mu sa. Akwai ɗan gwauruwa a bayan gidanka. Akwai yarinyar da aka cire daga aji domin kuɗin littafi. Akwai yaran waɗanda rashin zaman lafiya ya koro daga garuruwansu. Ka san sunansu? Ɗa na kowa ne.

Muna roƙon kowace ikkilisiya da ta aiko wakili, idan kun koma, dattawa su zauna da matan zumunta, gama su ne suka san gidan da ba a hura wuta ba. Ku rubuta sunayen yaran, ku raba su gida gida, kowane mai riƙo ya dinga leƙa nasa ko sau ɗaya a wata, ya gai da iyayen, ya duba littafin yaron.

Muna gode wa Allah saboda 'yan'uwa na nesa waɗanda suka ƙaunaci 'ya'yanmu ba su taɓa ganinsu ba. Ubangiji ya sāka musu. Mu kuma ya buɗe idanunmu ga waɗanda mu ke gani kowace safiya. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku duka. Amin.