Ciwo Biyu Da Ake Ɓoyewa A Ƙasar Gobir: Aikin Da Ke Gaban Ɗalibai



Mu ɗaliban da suka fito daga Tsamaye da sauran garuruwan Sabon Birni da Isa mun nemi wannan dama ne domin mu yi magana a kan cututtuka biyu waɗanda mutanenmu ba su son ambatonsu a bainar jama'a, watau sankarar mama da taɓin hankali. Abin da ya haɗa su shi ne kunya. Mai ɗauke da su yakan ɓoye, danginsa su taya shi ɓoyewa, har sai abin ya gagari magani.

Bari mu fara da sankara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an sami mata miliyan 2.3 da wannan cuta, kuma kimanin 670,000 suka rasu. A ƙasashen da ake gano ta da wuri, yawancin matan suna rayuwa. A wurinmu kuwa, mace takan ji ƙullutu a mamanta ta yi shiru, don gudun idon likita namiji, ko don tsoron kada a yanke maman miji ya juya mata baya. Daga nan sai shafe-shafe da hayaƙi, sai a kai ta gun wanzami ya yi sakiya. Kafin ta isa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ciwon ya fashe, ya bazu cikin jiki. In ta rasu sai a ce ai asibiti ne ya kashe ta, maƙwabciyarta ma ta ƙara jin tsoro. Alhali kuwa ba kowane ƙullutu ne sankara ba. Da yawa ba su da illa, amma gwajin asibiti kaɗai ke rarrabewa. Alamun da ya kamata kowace mace ta sani kaɗan ne: ƙullutu a mama ko a hammata, ko da ba ya zafi, kan mama ya shige ciki, jini ya riƙa fita daga gare shi, ko fatar wurin ta canja.

Game da lafiyar ƙwaƙwalwa kuwa, ba sai mun tuna muku halin da ƙasarmu ta shiga ba. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga suka kashe mutane fiye da saba'in a ƙauyukan Sabon Birni. A Disamban 2021 aka ƙone matafiya cikin mota kusa da Gidan Bawa. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Dubban jama'a suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi. Ana ƙidaya matattu, amma wa ke ƙidaya uwar da ba ta iya barci, ko yaron da ke firgita in ya ji ƙarar babur, ko magidancin da ya daina magana tun da aka kore masa shanu? Waɗannan marasa lafiya ne, ko da ba su yage riga sun shiga kasuwa ba. Kuma akwai magani. Ga Asibitin Tarayya na masu cutar ƙwaƙwalwa a Kware, nan kusa da Sakkwato. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta zamanin Turawa, ta kuma tabbatar wa majinyaci haƙƙinsa. Addu'a ba ta hana shan magani, amma mari da duka ba su taɓa warkar da kowa ba.

To, me za mu yi? Watan Oktoba shi ne watan faɗakarwa kan sankarar mama, ranar 10 ga watan kuma ita ce ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, wadda aka fara tun 1992. A Abuja, gidauniyar Medicaid ta Dokta Zainab Shinkafi-Bagudu ta shahara da tattakin jama'a don faɗakarwa da tara kuɗin jinya. Aiki ne abin yabo, mai shi kuma 'yar maƙwabtanmu ce na Shinkafi. Sai dai abin da ya dace da titin Abuja ba lalle ne ya dace da Tsamaye ba. Matan da muke nufi suna cikin gidaje, yawancinsu ba su karanta allon sanarwa, kuma tara jama'a a fili yana da haɗari a halin da ake ciki. Darasin da ya fi kusa da mu shi ne na Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya fara jinyar masu taɓin hankali cikin ƙauyukan da ke kewaye da Aro, a Abeokuta, kowane majinyaci tare da ɗan'uwansa. Ya nuna cewa gari ma yana iya zama wurin jinya in an shigar da mutanensa.

Saboda haka muna kawo shawarwari huɗu.

Na farko, kafin kome, mu nemi iznin hakimai da dagatai, mu roƙi limamai su yi bayani a huɗubar Juma'a. Miji ne ke ba da izni da kuɗin mota. In bai fahimta ba, faɗakar da matarsa bai isa ba.

Na biyu, 'yan'uwanmu mata masu karatun likita da jinya su shiga gidaje tare da ungozomomi, su kuma yi amfani da taron suna da makarantun Islamiyya na matan aure. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wanzamai ma a zauna da su cikin girmamawa, a roƙe su su tura mai ƙullutu asibiti ba tare da sun sa aska ba.

Na uku, a kafa asusu. Faɗa wa mace ta tafi Sakkwato alhali ba ta da kuɗin mota, ƙara mata damuwa ne kawai. Mutanenmu sun san gayya, sun san adashi, ba baƙon abu za mu kawo musu ba. Da kaka, mai tiya ya ba da tiya, mai dami ya ba da dami. Ku yayyenmu ma'aikata, muna roƙonku ku ware wani abu daga albashi kowane wata. Kuɗin ya tafi ga mota, da gwajin farko, da abincin mai jinya, da maganin wata-wata na waɗanda aka sallamo daga Kware, domin yanke magani ne ke dawo da ciwo.

Na huɗu, amana. A riƙe littafin shiga da fita, mutum uku su sa hannu kafin a fid da ko sisi, a kuma karanta lissafi gaban jama'a. Sunan majinyaci kuwa kada a bayyana shi. In aka tona asirin mace ɗaya, goma za su koma ɓoyewa.

Jama'a, da harajin waɗannan talakawa da guminsu muka zo nan. Ba mu da ikon kawo ƙarshen ta'addanci, ba mu da ikon gina asibiti. Amma muna da ilmin da zai sa mace ta tafi asibiti a watan farko maimakon shekara ta biyu, kuma hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Ga takarda nan za ta zaga. Wanda ya yarda ya ba da mako ɗaya daga hutunsa, ya rubuta sunansa da garinsu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya maido da zaman lafiya ƙasar Gobir.