Jawabin Ungozoma Ga Mata: Yadda Ake Ƙarfafa Tsokar Ƙasan Mara

Wata ungozomar asibiti ta yi wa ɗaliban ajin manya na mata jawabi a kan matsalar da mata da yawa ke ɓoyewa saboda kunya. Ta ce mace za ta yi tari, ko atishawa, ko ta ɗaga tulu, sai ta ji fitsari ya ɗigo mata. Wata sai ta yi ta sake alwala. Wata har ta daina zuwa biki da suna don gudun abin kunya.

Ta ce a ƙasan mara akwai wata tsoka da ke tallafe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji, kamar yadda ragaya ke riƙe ƙwarya. Goyon ciki, da haihuwa, da ɗaukar kaya masu nauyi, da yawan yunƙuri a bayan gida, da tari mai daɗewa, duk suna sa ta saki. In ta saki sosai, har mahaifa kan sauko. Amma tsoka ce kamar ta damtse, in ana motsa ta sai ta yi ƙarfi. Wani likita ɗan Amurka mai suna Arnold Kegel ne ya bayyana wannan dabara a 1948.

Daga nan ta koya musu yadda ake yi. Ta ce mace ta kwanta ko ta zauna, ta matse gabanta da bayanta kamar mai ƙoƙarin riƙe iska a cikin mutane, ta ja su sama. Ta riƙe, ta ƙirga 1 zuwa 5, sannan ta saki, ta huta gwargwadon haka. Ta maimaita sau 10, da safe da rana da dare. Sakin ma yana da muhimmanci kamar matsewar. Kada ta riƙe numfashi, kada kuma ta matse cinya ko ɗuwawu, domin ba su ake nufi ba. Idan ta saba, tana iya yi tana tankaɗe ko tana shayar da yaro, ba wanda zai sani. Ta kuma riƙa matsewa kafin ta yi tari ko ta ɗauki kaya.

Ungozomar ta ja kunnensu kada su mai da tsayar da fitsari a tsakiya ya zama motsa jikin, saboda hakan na iya hana mafitsara juyewa sarai. Ta ce abin yana son haƙuri, sai an jure kamar wata 3 ana yi kullum. Mai ciki na iya yi, mai jego ma haka, a hankali.

Wata ɗaliba ta tambaya ko wannan zai warkar da ciwon yoyon fitsari. Ta amsa da cewa a'a. Mai yoyon fitsari ɓula ce ta samu a mafitsara, galibi bayan doguwar naƙuda, shi ya sa fitsari ke zuba dare da rana. Wannan sai aikin tiyata, kuma ana yin sa a wurare irin su asibitin Babbar Ruga da ke Katsina. Haka kuma duk wadda ke jin zafi wajen fitsari, ko ta ga jini, ko ta ji wani abu ya sauko mata, ta je asibiti a duba ta, kada ta tsaya jira.