Komawa ga Jitar Bas da Aljihu Ƙarami

Wanda ya ajiye jitar bas shekaru sannan ya yi niyyar komawa, kunnensa na nan yadda ya bar shi, amma kantar yatsu ta tafi. Don haka a ganina kada a fara da mai tsada.

Squier, wato reshen Fender mai rahusa, yana ƙera samfurin Precision, wanda asalinsa ya fito a 1951, da Jazz na 1960 mai siririn wuya. Akwai kuma Yamaha TRBX174 da Ibanez GSR200. Duk suna fitar da kai kunya a wajen biki. Mai tsirkiya huɗu ta wadatar. Ta biyar ado ce ga mai sake koyo.

Inda za a natsu shi ne wuyan jitar, musamman in ta hannu ce. Ɗaga ta, ka hanga daga kai zuwa gindi, ka ga ko ya karkace. Cikinsa akwai sandar ƙarfe da ake juyawa a miƙar da shi; in ta cije, bar musu kayansu komai arha. Ga kuma hunturunmu, yana busar da katako har ƙarafan wuyan su fito suna yankar hannu. Tsawon tsirkiya yawanci inci 34 ne, amma mai inci 30 ta fi sauƙi ga yatsun da suka kwana biyu.

Jita mai amfani da batir kuwa, ranar da ka manta da batirin ranar zai mutu. A rage wani abu a kuɗin don amfilifaya ta bas, domin ta jita zalla lasifikarta ba ta jure wannan rugugi.