Amsoshin Tambayoyinku: Da Gaske Ne Roka Kan Komo Ƙasa Ta Sauka A Tsaye?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga garin Kanya ta ƙasar Zuru a Jihar Kebbi, daga hannun wani malamin firamare. Ga abin da yake cewa:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na nuna wa yaran ajina wani hoton bidiyo a waya, inda roka take saukowa daga sama da baya har ta tsaya cak bisa ƙafafunta. Da labari ya kai gida, sai wasu dattawa suka ce dabo ne, hoton tashinta aka juya da baya. Har wani ya ce ƙarya nake koya wa yara. Don Allah ku raba mana wannan gardama. In kuwa gaskiya ne, ina ruwanmu da shi a nan Nijeriya?"

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Ni ma na taɓa riƙe alli, na san zafin a ƙaryata malami a gaban yaransa. Ka kwantar da hankalinka, abin da ka nuna musu gaskiya ne. Amma kada ka ga laifin dattawa, domin tun daga 1957 da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na farko, abin da aka saba gani shi ne roka ta tashi, shi ke nan ba ta komowa.

Bari mu faro daga tushe. Roka ba guda ɗaya ba ce, hawa-hawa ake haɗa ta. Hawan ƙasa, wanda za mu kira gindin roka, shi ne mafi girma, shi ke ɗauke da manyan injuna da yawancin man. Aikinsa ya ciccibo kayan daga ƙasa. Bayan kamar minti biyu da rabi sai ya rabu da hawan sama, wanda zai ci gaba har ya kai gudun kusan kilomita 28,000 a sa'a guda, watau gudun da tauraron ɗan'adam ke bukata don ya riƙa kewaya duniya ba tare da ya faɗo ba. A da, gindin nan sai ya faɗa teku ko daji ya ragargaje. Ka ƙaddara, Malam, a ce duk motar da ta ɗauko kaya daga Zuru zuwa Kwantagora sai a cinna mata wuta a sayo sabuwa. Nawa za a riƙa biyan kuɗin mota? To haka harkar take, shi ya sa ta yi tsada ainun.

Hukumar NASA ta Amurka ta gwada magance wannan da kumbonta mai fukafukai wanda ya yi aiki daga 1981 zuwa 2011. Yana da rokoki biyu a gefe, waɗanda kan sauko da laima su faɗa tekun Atlantika, jiragen ruwa su jawo su gaɓa. Sai dai ruwan gishiri ba ya shiri da ƙarfe, dole a kwance su gunduwa-gunduwa a yi ta gyara, saboda haka rangwamen bai taka kara ya karya ba.

Saukar da ka gani kuwa ta rokar Falcon 9 ce, ta kamfanin SpaceX na Amurka. Ba dare ɗaya suka iya ba. A watannin Janairu da Afrilu na 2015 sun gwada saukar da gindin a kan wani faffaɗan jirgin ruwa, duka biyun suka tarwatse. Sai ran 21 ga Disamba 2015 ya sauka lafiya a Cape Canaveral ta Jihar Fulorida. Ran 8 ga Afrilu 2016 ya sauka kan jirgin ruwa a tsakiyar teku, sannan ran 30 ga Maris 2017 aka sake harba wannan gindin karo na biyu. Zuwa 2025 an sami gindi guda da ya je ya komo sau 30.

Yaya ake yi? Gindin ba ya ƙone mansa duka wajen tashi, yakan rage na komowa. Da ya rabu da hawan sama sai ya juya, injunansa su fuskanci ƙasa. Yana da injuna tara. Yakan kunna uku don rage gudu lokacin da zai shigo iska mai kauri, kada zafi ya cinye shi. Wasu fukafukai huɗu masu kama da rariya su ke daidaita masa hanya. Dab da ƙasa sai ya sake kunna inji, ya buɗe ƙafafu huɗu, ya dira. Duka-duka daga tashi zuwa sauka bai cika wuce minti tara ba. Babu direba a ciki, kwamfuta ce ke aikin. Ka sa yaro ya tsayar da karan dawa bisa tafin hannunsa, za ka ga yana ta motsa hannun don kada karan ya faɗi. Haka kwamfutar ke karkata bakin injin, sai dai ita ta fi ƙiftawar ido sauri.

Ga kuma hujjar da za ka kai wa dattawa cikin ladabi. A lokacin tashi, roka tana da kai, kuma ƙafafunta a naɗe suke a jikinta. Wadda ke sauka kuwa ba ta da kai, ƙafafunta a buɗe, ga baƙin hayaƙi ya ɓata mata jiki kamar gindin tukunya. Da juya hoto aka yi, ai da an ga kan yana nan.

Abin ma bai tsaya nan ba. Ran 13 ga Oktoba 2024, a Jihar Texas, gindin wata ƙatuwar roka mai suna Starship, mai tsawon mita 71 da injuna 33, ya komo wurin da ya tashi, wasu manyan hannuwan ƙarfe na jikin hasumiya suka cafe shi tun bai taɓa ƙasa ba. A watan Nuwamba 2025 kuma kamfanin Blue Origin ya saukar da gindin rokarsa New Glenn a kan jirgin ruwa.

Yanzu sai tambayarka ta biyu. Ruwanmu kuwa yana ciki tsundum. Nijeriya ta kafa hukumarta ta binciken sararin samaniya, NASRDA, a 1999, amma taurarinta duka haya ta biya aka harba mata su: NigeriaSat-1 daga Rasha a 2003, NigComSat-1 daga ƙasar Sin a 2007, sannan wasu uku a 2011. Duk rokokin da suka ɗauke su tafiya ɗaya suka yi. Amma ran 3 ga Yuni 2017, wani ɗan ƙaramin tauraro mai suna Nigeria EduSat-1, wanda Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ta haɗa gwiwa da wata jami'ar Japan aka ƙera, ya tashi cikin Falcon 9. Gindin da ya ɗaga shi ya komo ya sauka lafiya, aka sake harba shi a watan Disamba na wannan shekarar. Ka ga ashe mu ma an ɗauki kayanmu a irin wannan mota. Bugu da ƙari, intanet ɗin Starlink da ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu 2023, karo na farko a Afirka, dubban taurarinsa da irin waɗannan rokoki masu zuwa su komo aka kai su sama.

Sai dai kada mu yi tuya mu manta da albasa. Hawan sama na Falcon 9 ba ya komowa a sake aiki da shi, kuma man da ake ragewa don sauka yana rage nauyin kayan da roka za ta ɗauka. Sannan rokar ta wasu ce, mu fasinja ne, kuma fasinja ba shi ke yanka kuɗin mota ba. Ranar da za mu daina zama fasinja tana hannun yara irin na ajinka, in sun riƙe lissafi da kimiyya da kyau.

Saboda haka Malam, ka ci gaba da nuna musu. Ka gaishe mana da dattawan Kanya da yaran ajinka. Mu kuma sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.