Jawabin Malamin Gona a Kan Lambu da Masu Lambun Libreville

An ce in rubuta jawabin nan da na yi a rumfar awo domin waɗanda ba su sami zuwa ba su karanta, wanda bai iya karatu ba kuwa ɗansa ya karanta masa. Ni yaro ne a gabanku, karatuna bai wuce firamare ba, sai ɗan horon aikin gona da aka ba mu. In na faɗi abin da kuka riga kuka sani, ku yi mini haƙuri.

Ga shi auduga ta fashe, ana ɗiba. Nan da 'yan makonni an gama, an kai ma'auna, an karɓi kuɗi. Daga nan sai samari su fara ɗaura kaya za su tafi cin rani. Wannan ba sabon abu ba ne. Amma bana samari uku sun same ni dabam dabam suna tambayata labarin Gabon, wai sun ji can kuɗi ya ke. Dalilin da ya sa ni suka tambaya, sun san kawuna ya yi shekaru a Libreville, babban birnin ƙasar. To, bari in ba su amsa a gaban kowa, domin amsar ta shafi lambu, lambu kuwa ya shafi kowane mai gonar auduga da ke da ɗan fadama ko rijiya.

Gabon ƙasa ce ta bakin teku, kudu da Kamaru. Ta sami mulkin kai daga Faransa a 1960, shekara ɗaya da mu. Kusan dukanta kurmi ne. Arzikinta man fetur da katako da ma'adinai. Mutanenta kaɗan ne, ba su kai na Jihar Katsina ba, galibinsu kuma a birni su ke zaune, ba su noma. Saboda haka yawancin abin da su ke ci daga waje a ke kawo shi. Hausawa sun daɗe a can, musamman a garuruwan arewacin ƙasar kamar Bitam da Oyem, fatauci ya kai kakanninsu.

Kawuna ma fatauci ya kai shi. Jari ya karye, ya rasa na komowa, sai ya shiga ƙarƙashin wani mutumin Barkina Faso mai lambu a Owendo, watau unguwar tashar jiragen ruwa da ke kudu da birnin. Mutumin da ya bar gonar ubansa domin ya gaji da fartanya, ga shi ya ƙetare ƙasa biyu ya koma riƙe fartanya a filin wani. Shi da kansa ya kan yi dariyar abin in yana ba mu labari. Masu lambu da yawa a birnin nan baƙi ne irinsa, daga Barkina Faso da Mali da Kamaru, akwai kuma 'yan ƙasa. A 1992 Gwamnatin Gabon da kamfanin mai na Elf suka kafa wata hukuma, IGAD, wadda ta yanka filaye a gefen birni ta zaunar da masu lambu, ta kuma koya musu aikin.

Ku ji irin wahalar da mai lambu ya ke sha a can. Ruwan saman da ke sauka a Libreville a shekara ya kusa milimita 3,000. Namu na ƙasar Funtuwa 1,000 ne da 'yan kai. Watau nasu ya kusa ninka namu sau uku. Ana ruwa tun daga wajen Oktoba har Mayu, ranin nasu kuwa gajere ne, daga Yuni zuwa Satumba, daidai lokacin da mu ke cikin damina. Kada ku ce ai sun huta da ban ruwa. Ruwa mai yawa shi ne babban abokin gabansu. Yana dukan ƙananan tsire-tsire ya kwantar da su, ya wanke taki, ya bar ƙasa da tsami, ya kawo ruɓa a saiwa da ganye. Tilas mutum ya ɗaga fangalinsa sama, ya haƙa lambatu a kewaye. Mai hali ya kan kafa rumfar leda a kan latas da tumatir, ya tare musu ruwan sama, sa'an nan ya ɗauki bokiti ya yi ta ba su ruwa da hannu a ƙarƙashin rumfar. Wannan ya ba ni mamaki ƙwarai ran da na fara ji.

Ga kuma rashin taki. Ƙudan tsando ya hana kiwon shanu ya yi yawa a kurmi, ba Bafillacen da zai kwana da garkensa a gonarka. Sai dai a sayi kashin kaji haɗe da garin katako daga gidajen kiwon kaji, buhu buhu, a biya kuɗin mota. Filin ma ba naka ba ne. Birni yana ci gaba da faɗi, ran da mai fili ya tashi gini sai ka kwashe bokitinka. Baƙo kuma yana da nauyin takardar zama, mai tsada ce. A 1995 Gwamnatin ƙasar ta ba baƙi marasa takarda wa'adi, dubban mutane suka fita ba shiri. Hanyar ruwa da wasu ke bi daga wajen Kalaba cikin kwalekwale kuwa, ta ci rayuka ba kaɗan ba.

Duk da haka mutanen nan suna ci da iyalinsu daga lambun da galibi bai kai eka ɗaya ba, har su aika gida. Yaya su ke yi? Nan ne na ke so ku kasa kunne.

Ba su barin fangali ya kwana banza. Abin da suka fi shukawa ganye ne mai saurin isa: alayyafo, da yakuwa, da latas. Alayyafo cikin sati uku zuwa huɗu ya isa yanka. Kafin a tumɓuke wannan, irin da za a dasa a gurbinsa ya riga ya tsaya a makwancin iri yana jira. Kuma ba su shuka lambun duka rana ɗaya. Yau fangali biyu, sati mai zuwa biyu, haka haka, domin kowace safiya a sami abin da matan kasuwa za su sara su kai Mont-Bouët, babbar kasuwar birnin. Kuɗin ba ya zuwa tari guda kamar na auduga, amma ba ya yankewa. Mu kuwa me mu kan yi? Gari duka ya dasa tumatir sati ɗaya, ya nuna sati ɗaya, a cika titi da kwanduna, dillali ya zo ya taya yadda ya ga dama. Wanda ya taɓa kai kaya Ɗanja cikin Fabrairu ya san abin da na ke faɗi.

Abu na biyu, ku san abin da Allah ya ba ku wanda su ba su da shi. Albasa ba ta son kurmi, tana son sanyin hunturu da busasshiyar iska. Albasar da a ke ci a Libreville, mai yawa daga cikinta daga arewacin Kamaru ta ke fitowa, wajen Marwa, a bi da ita cikin manyan motoci kwana da kwanaki har a ƙetare iyaka a Kye-Ossi. Ƙasar Marwa kuwa irin tamu ce, su ma manoman auduga ne da damina. Haka Galmi a Nijar, wadda sunan albasarta ya kai har bakin teku. Ashe ke nan abin da a ke nema da tsada a can, a bayan gidanku ya ke yi. Kuna da hunturu, kuna da takin shanu da na tumaki, filin kuma gadonku ne, ba mai tashinku.

Wanda zai yi albasa bana kada ya ƙara jinkiri. A zuba iri a makwanci mai laushi, bayan sati shida ko bakwai, in ya kai kaurin tsinken alkalami, a dasa, tsakanin kowane biyu kamar rabin taƙi. Taki ya zama ruɓaɓɓe. Na faɗi wannan domin ni ya taɓa ci na. Shekarar da na fara aiki na zuba ɗanyen kashin kaji a makwancin iri don ɗoki, kwana huɗu iri ya ƙone ƙurmus, tsofaffi suka yi ta yi mini ba'a wai malamin gona ya dafa albasarsa tun ba ta fito ba. Kada kuma a cika mata takin zamani na yuriya, zai ba ta girma amma ba za ta ajiyu ba. In ganye ya fara kwanciya a janye ruwa kamar sati biyu kafin a cire, a shanya a inuwa wuyanta ya bushe sarai, sa'an nan a sa a rumbu mai shan iska. Ribar albasa tana wurin wanda ya iya ajiye ta har damina.

Na san za ku ce mini hannu bai isa ba, ga ɗiban auduga ga dashe duk lokaci ɗaya. Gaskiya ne, ba ni da dabarar da za ta kawar da wannan. Sai dai in ce a fara da kaɗan. Fangali goma da aka kula da su sun fi hamsin da ciyawa ta cinye. Kada a bar auduga ta zube ƙasa ta yi datti ta faɗi daraja saboda lambu.

Yanzu ga maganar da ta fi duka nauyi, ita ce ma ta sa Sarkin Noma ya ce a buga jawabin nan. Maganin feshin auduga ba na lambu ba ne. Na san akwai ragowarsa a ɗakuna, na kuma san yadda zuciya ta kan raya wa mutum in ya ga tsutsa a tumatir. Ai tsutsar ma sau da yawa ita ce dai wadda ke huda ƙwallon auduga. Amma auduga ba a cin ta, a kan yi makonni kuma bayan feshi kafin a ɗiba. Latas da tumatir kuwa yau a fesa, jibi suna cikin kwanon yaranka ɗanye. A Jamhuriyar Binin, a kakar auduga ta 1999 zuwa 2000, aka raba wa manoma wani magani mai suna endosulfan. A lardin Borgu kaɗai an ƙidaya mutum 37 da suka mutu, da yawansu ba wajen feshi ba ne, abinci suka ci wanda maganin ya taɓa. A 2011 ƙasashen duniya suka yarda a hana shi. Waɗanda a ke ba ku yanzu ma dafi ne. Kada a zuba su a lambu, kada a wanke famfon feshi a bakin rijiya ko rafin da a ke ban ruwa, galan ɗin da ya ƙare kuwa a huda shi, kada ya koma na man gyaɗa ko na ruwan sha.

In ƙwari sun dame ku, ku fara da 'ya'yan dalbejiya: a daka, a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da yamma. In abin ya fi ƙarfin haka ku kira ni in duba, akwai magungunan da aka yi domin kayan miya, kowanne da kwanakin da za a jira kafin a tsinka, a rubuce a jikin kwalbar. Ku tuna da 2016, da tsutsar nan da a ke kira sharon ta share tumatir a Kano da Kaduna da Katsina. Mutane sun yi ta antaya kowane irin magani, kuɗi ya tafi, tsutsa kuwa tana cikin ganye ta yi lamo, maganin bai kai gare ta ba.

Saura abu ɗaya da ya haɗa lambu da gonar auduga. Kuɓewa da rama da yakuwa dangin auduga ne, ƙwarin da ke cin wannan suna cin waccan. Dalilin da ya sa a ke matsa muku ku tumɓuke karan auduga ku ƙone bayan ɗiba shi ne ƙwari su rasa abinci da rani su mutu. In ka ƙone kara, amma ka bar tsohuwar kuɓewa a lambu har faɗuwar ruwa, ka yi kiwon ƙwari ke nan domin sabuwar audugarka da ta maƙwabcinka. Masu lambun Libreville ba su da wannan damuwa don ba a noman auduga a can, mu muna da ita. Saboda haka kuɓewar rani a cire ta a ƙone kafin ƙarshen Afrilu, lambu ya tashi, a koma sharar gona, domin auduga ta shiga ƙasa daga tsakiyar Yuni, kada ta wuce farkon Yuli.

Samarin nan uku, ban hana ku tafiya ba, ba ni da ikon haka. Amma ku je ku gai da kawuna tukuna, yana gida, ku tambaye shi nawa ya shigo da shi bayan an cire kuɗin takarda da na haya da na hanya. Sa'an nan ku zo mu auna ɗan filin da ke bakin rafi.

Ranar kasuwa mai zuwa ina rumfar awo tun da hantsi. Mai son irin albasa ko na latas ya zo a rubuta sunansa, mai ragowar maganin auduga a gida kuma ya zo da shi a ɗaure cikin leda, za mu adana masa a sito har damina. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.