Jawabi ga Jama'ar Dakata Game da Jinyar Mai Taɓin Hankali

Taɓin hankali cuta ce kamar sauran cututtuka. Tana kama leburan Bompai, tana kama attajiri, kuma ana warkewa. Amma maganin likita ba ya wadatarwa sai dangi sun sa hannu.

Cikin 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya jarraba haka a Aro, kusa da Abeokuta. Ya saukar da majinyata a gidajen ƙauye, kowanne da ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana. Aka ga amfanin abin ƙwarai.

To, ga abin da ya wajaba a kanku. Ku kai mara lafiya asibitin Dawanau ko na Malam Aminu Kano tun da wuri. Kada a sa masa mari, kada a doke shi; dokar da aka sa wa hannu cikin 2023 ta tsare hakkinsa. Ya riƙa shan magani ko da ya ji sauƙi, gama yanke magani shi ke komo da ciwo. Ku ci abinci tare da shi. In ya murmure, a nema masa aikin rana, don aikin dare yana hana barci. A kwaɓi yara, kada su kira shi mahaukaci.

Allah ya ba mu lafiya, amin.